Ƙwaya a Kunun 'Yan Ƙwallo

Assalamu alaikum Goggo Barakatu. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki daure ki karanta takardar nan har ƙarshe ko da ta yi miki tsawo. Maganar ta daɗe tana cina, kuma babu wanda zan faɗa wa ita a Jega da ba za ta kai tasha kafin la'asar ba. Ni matar ɗan ƙwallo ce. Kada ki yi dariya. Ni ma ranar da aka fara ce mini mutum zai ci abinci da bugun ƙwallo dariya na yi, sai ga shi yau shekara uku da ita muke ci muke sha.

Ni 'yar Aliero ce, mahaifina mai ɗori ne, sana'ar da ya gada wurin kakana. Aure ne ya kawo ni Sabon Garin Jega. Lokacin da maigidana ya aure ni dakon albasa yake yi a kasuwarmu, yana ɗora buhuna a manyan motoci masu zuwa kudu, da yamma kuma ya tafi fili ya buga ƙwallo ba takalmi. Da aka ba mu jiha tamu, sai kowane gari ya tashi yana son a san da zamansa. Wani attajirin albasa, bari in kira shi Alhaji Maiwada ko da yake ba sunansa ke nan ba, ya tara samari ya kafa ƙungiya, ya saya musu riguna da takalma, ya yanka musu albashi, ya ce kowa ya ajiye abin da yake yi ya riƙi ƙwallo sana'a. Maigidana shi ne mai lamba tara, kuma shi ne kyaftin. Ba don mijina ba ne, Goggo, amma in ya ɗauki ƙwallo ya nufi raga har tsofaffi miƙewa suke yi. Ni ban taɓa zuwa fili ba, daga tsakar gida nake jin ihu, kuma na san irin ihun da ake yi in shi ne ya ci.

Ta hanyar kunu na shiga maganar nan. Ƙungiyar tana da wata al'ada: duk ranar wasa, kafin su fita, sai sun sha kunun tsamiya a bokiti ɗaya da moɗa ɗaya, wai don zuciyarsu ta zama ɗaya. Mai tsaron gida ne ke fara sha, sauran su biyo baya, kyaftin ya sha a ƙarshe ya shanye tas ya kife bokitin. Da yake ni ce matar kyaftin, kuma ba yabon kai ba hannuna na da daɗin kunu, ni aka ɗora wa damawa.

Akwai wani mutum a ƙungiyar mai suna Sirajo, wanda suke kira Dokta. Ba likita ba ne, ko ƙofar makarantar likitoci bai taɓa gani ba. Ya dai yi shekaru yana tsaron kemis a tasha, kuma shi ke gudu da akwatin bandeji da man zafi in wani ya faɗi a fili. Kowace safiyar wasa zai ba maigida ƙunshi ya kawo mini, ƙwayoyi ne tsirara, ba kwali ba takarda. Da launi muke saninsu. Akwai ja mai kwanso, akwai 'yar rawaya, akwai fara mai tsaga a tsakiya, sai wata 'yar mitsitsiya da ya ce ita direbobin Legas ke sha don kada su yi gyangyaɗi. Ban da su akwai garin gulukos da kwalbar maganin ƙarin jini. Ya ce ja ta ƙashi ce, rawaya ta jijiya, fara ta gajiya. Aikina in ɓare masu kwanso, in daka sauran a ɗan turmin yaji, in juye a kunu in motsa. Wallahi ban taɓa ganin aibin abin ba. A garinmu ɗan ƙwadagon da zai wuni yana ban ruwa a gonar albasa sai ya jefa ƙwaya biyu kafin ya shiga, mai dako ma haka, a faranti ake sayar da su kusa da mai ƙosai. Kamar goro muka ɗauke su.

Wata huɗu da suka wuce wani ya taka maigidana a ƙwaurin hagu ana cikin wasa. Ya dawo yana ɗingishi, ya ce ba komai. Kwana biyu ƙafa ba ta sauka ba, na matsa masa muka tafi Aliero. Baba ya bi ƙwaurin da babban yatsa tun daga gwiwa, ya zo wani wuri ya tsaya ya danna, na ga maigida ya ciji leɓe. Baba ya ce ƙashi bai karye ba amma ya tsage. Ya ɗaura masa karare, ya ce kwana arba'in kada ƙafar nan ta ga fili. Da za mu tafi ya faɗi wata magana yana kallon ƙasa, kin san suruki ba ya kallon suruki ido da ido. Ya ce, "Kada a sha abin kashe zahi. Zahin ga shi na mai gadin ƙashi, in anka kore shi ɓarawo ka shiga."

Kwana tara ya yi da ɗorin. Ranar na goma na shigo daga wanke-wanke na tarar ya kwance kararen ya jefa bayan murhu, wai akwai wasa kuma Dokta ya ce ƙwaya za ta riƙe shi. Ya buga, har ya ci ƙwallo. Labari ya kai wa Baba ranar kasuwa. Surukuta ba ta bar shi ya yi masa faɗa ba, shi kuma maigida kunya ta hana shi komawa Aliero. Abin da na lura kawai, in na je gida Baba ya daina tambayata ya ƙafar, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo.

Mutanen fili mai cin ƙwallo suke gani, ni kuwa abin da ya rage nake gani. Washegarin kowane wasa ba ya iya zaman tahiya, sai ya miƙe ƙafa kamar tsoho. Wurin da Baba ya danna ya kumbura, in na ɗora hannu zafi rau. 'Yarmu Mubina, shekararta biyu, in ta rugo ta rungume ƙafar sai in ga ya runtse ido. Sai kuma ciwon ciki ya shigo. Mutumin da ke tashi da malmala uku yanzu loma huɗu ya tsame hannu ya dafe ƙirji. Sai da na tsare shi da tambaya ya ce mini bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta.

Yadda na gane inda matsalar take, abin dariya ne abin kuka. Wata rana hadari ya taso suna cikin sha, suka yi sauri, maigida bai samu ya shanye ba, aka dawo mini da bokitin da ɗan saura. Da na karkata shi zan wanke sai na ga abin da ya kwanta a ƙasa: taɓo-taɓo, ja da rawaya, kauri kamar ƙullu. Ashe garin ƙwayar ba ya narkewa duka, zama yake yi a ƙasa. Ashe mai tsaron gida da na bayansa kunu suke sha, na ƙarshe shi ke shan maganin mutum goma sha ɗaya. Kuma ni da bakina na sha yi masa kirari cewa kyaftin ne ke samun mai kauri. Na ɗauraye bokitin na watsar da ruwan a gindin zogale, bunsurun Goggo Delu, uwar maigidana, ya zo ya lashe. Ranar nan wuni ya yi a kan katanga yana kuka yana tsalle, ko inuwa bai nema ba. Mutanen gida suna ta ƙyaƙyata dariya, ni kuwa na shige ɗaki na zauna.

Ina da 'yar ƙanin babana, Raihanatu, nas ce a wani ƙaramin asibiti a Maiyama. Da aka yi wani suna can na ƙulle ƙwaya ɗai-ɗai a bakin mayafi na kai mata. Ta juya su ta duba rubutun da ke jikinsu, ta ce da ja da rawaya da fara duk dangi ɗaya ne, maganin kashe zafi ne, kamfani da launi ne kawai suka bambanta. Babu ta ƙashi, babu ta jijiya. Ta ce haɗa su a sha cikin da ba abinci yana goge tumbi har ya yi jini, yana kuma wahalar da ƙoda, balle ga mai gudu cikin rana. Ƙaramar kuwa ta ce ba za ta rantse ba tunda ba kwali, amma in irin ta direbobi ce to zuciya take zabura. Ta ce in kai shi babban asibiti, kada in tsaya.

Na faɗa masa. Da farko dariya ya yi, ya ce mata da tsoro, duk manyan 'yan wasa na duniya da abin da suke sha. Da na nace sai ya ɓata rai, ya ce in kyaftin ya ƙi bokiti to ya raba kan ƙungiya, kuma kada in sake kai maganar ƙungiyarsu wurin dangina.

Yanzu ga laifina, Goggo, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Mako biyu da suka wuce suna da wasa a Maiyama. Da ya kawo ƙunshin na jira ya shiga wanka na juye ƙwayoyin duka a masai. Na daka ɓawon maɗaci kaɗan don ɗacin da suka saba ji, na zuba gulukos ɗin, na dama. Suka sha, ba wanda ya gane. Suka je suka ci Maiyama biyu da nema, an ce ba su taɓa gudu irin na ranar ba. Amma shi, tun kafin a je hutun rabin lokaci, ba wanda ya taɓa shi, sai aka ga ya zauna a ƙasa ya riƙe ƙwauri. Ɗaukarsa aka yi aka fitar a gaban jama'ar gari biyu. Da aka kawo shi gida a bayan motar Alhaji ya shiga ɗaki ya juya wa ƙofa baya, na ji yana kuka. Tunda muka yi aure ban taɓa jin kukansa ba sai ranar. Ya ce mini, "Tawa ta ƙare, ko magani ya bar kama ni." Duk da haka ban faɗa masa gaskiya ba.

Shi kuma Sirajo da ya zo dubiya sai ya yanke hukunci cewa jikin ne ya saba da ƙwaya, don haka wasa na gaba za a ninka, kuma zai yi masa allura a wurin ciwon kafin a fita. Kin ga ke nan garin gyara na ƙara ɓatawa. Wasan na gaba kuwa shi ne babba, Asabar ɗin ƙarshen watan gobe. Manya za su zo daga Birnin Kebbi su zaɓi waɗanda za su buga wa jiha a gasar ƙasa. Shekarunsa ashirin da bakwai, ya ce in wannan ta wuce shi babu wata, sai dai ya koma dakon albasa yana ba 'yan tasha labarin da. Ni ma ina so a ɗauke shi, Allah ya sani. Na san wahalar da ya sha kafin ya kawo nan. Amma na tashi a gidan ɗori, na ga abin da ke faruwa in tsagaggen ƙashi ya ƙarasa, na ga ƙarti majiya ƙarfi sun shigo gidanmu a kan amalanke sun fita da sanda har abada. Mai ƙafa ɗaya ko dakon ma ba zai iya ba.

Abu ɗaya na riga na yanke, kuma ba shawara nake nema a kansa ba: hannuna ba zai sake daka ƙwayar nan ba, ko da za a ce a bakin aurena. Abin da ban sani ba shi ne ta ina zan bi. Wani lokaci in ce in sake dabarar maɗaci, sai in tuna allurar ba ta hannuna za ta bi ba. Wani lokaci in ce in saka mayafi in tafi wurin Alhaji Maiwada in faɗa masa komai, sai in ga kamar na tsallake mijina na tona masa asiri. Har na yi tunanin in tattara in tafi Aliero ana gobe wasa, ko hankalinsa zai dawo. Faɗa masa abin da na yi a wasan Maiyama kuwa shi ya fi ba ni tsoro, don zai ce ni na kunyata shi a bainar jama'a, kuma ba ƙarya zai yi ba. Ki faɗa mini gaskiya ko da ɗaci, na saba da ɗaci. Ni dai ƙafar nan nake so in tsirar, da mai ita.

Taki,
Matar mai lamba tara, Jega.

Wa alaikumus salam 'yata. Ban yi dariya ba, sai a wurin bunsuru, shi ma ban daɗe ba.

Kin ɓoye suna amma kin faɗi komai. Na sauya lambar rigarsa da wasu 'yan abubuwa kafin a buga, kuma na aika miki amsar nan ta gidan waya tun kafin ta fito, amma kada ki ruɗi kanki, Jega ba Legas ba ce. Wani zai karanta a tasha ya haɗa lissafi. Saboda haka maganar da kike tsoron faɗa masa, gara ya ji ta daga bakinki.

Kafin mu kai can, ciki ya riga ƙafa. Na kai takardarki wurin wani likita da nake tuntuɓa kan irin wannan, ya ce baƙin bayan gida na iya zama aikin maganin ƙarin jinin nan kawai, yana kuma iya zama jini ne ke zuba a tumbi, kuma daga tsakar gida ba mai iya bambancewa. Wannan ba maganar jiran ƙarshen wata ba ce. Ranar da kika karanta wannan, washegari ku kama hanyar babban asibiti, ki tafi da ƙwayoyin in kin samu, ki faɗa wa likita yadda ake shan su da tsawon lokacin, kada ki rage komai don kunya. Kuna can a ɗauki hoton ƙashin. Hoton ba raini ba ne ga mahaifinki, ina kyautata zaton abin da yatsansa ya ji shi hoton zai nuna. Amfaninsa shi ne mijinki zai gani da idonsa, kuma namiji na iya musu da matarsa, yana iya kauce wa surukinsa, amma da wuya ya yi gardama da hoton ƙafarsa.

Allurar da Sirajo ke shirin yi ita ce ta fi tayar mini da hankali. Allura ba ta ɗinke ƙashi, bakinsa kawai take rufewa. Mahaifinki ya gama magana tun ranar farko, ban da abin da zan ƙara a kai. Zaman kwana arba'in da mijinki ya guje wa na iya zama zaman shekara, ko na har abada, a gaban waɗannan manyan da yake so ya burge. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Amma kada ki ɗauki mijinki wawa ko mai taurin kai kawai. Mutumin da ya fito daga ƙarƙashin buhu ya ji gari na kiran sunansa, in ya ga ƙofa za ta rufe dole ya firgita, kuma tsoro ne ke magana in ya ce miki mata da tsoro. Shi ma Sirajo ban ga mugunta a tare da shi ba, abin da ya gani ana yi a tasha da gonakin albasa ya kawo fili, aka kira shi Dokta ya amsa. Jahilcinsa na da haɗari, amma ba maƙiyinku ba ne, kuma in kika mai da shi maƙiyi ƙungiya za ta tsaya bayansa.

Ke ma ga naki. Dabarar maɗaci ba daidai ba ce, kada ki sake. Kin ba mutum goma sha ɗaya abin da ba su san sun sha ba, wanda shi ne dai laifin da muke ganin Sirajo da shi, kuma kin bar mijinki mako biyu yana zaton ƙarfinsa ne ya ƙare. Wannan zaton ne ke tura shi wurin allura. Amma Allah ya fitar miki da alheri daga kuskuren, ke ce ba ki gani ba don tsoro ya rufe miki ido. Sake karanta abin da kika rubuto mini. Mutum goma sun sha tsamiya da ɓawon itace sun ci Maiyama biyu da nema. Wanda kaɗai ya kasa shi ne mai tsagaggen ƙashi. Ashe ƙungiya ba ta buƙatar ƙwaya, shi kuma ba ƙarewa ya yi ba, ciwo gare shi, ciwo kuwa yana warkewa. Babu likitan da zai ba shi hujjar da ta kai wannan, kuma a hannunki kaɗai take.

Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci, kuna ku biyu, ba ana gobe wasa ba. Ki fara da laifinki, ki nemi gafara ba tare da kwana-kwana ba, sa'an nan ki faɗa masa sauran, har da abin da kika gani a ƙasan bokiti, don ina zaton har yau bai san rabon mutum nawa yake shanyewa ba. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi, haƙƙinsa ne. Ki kuma faɗa masa ƙarara cewa kin daina daka, ba barazana ba, sanarwa. In ya ƙi asibiti, Goggo Delu na nan cikin gida, uwa ba ta da surukuta da ɗanta, kuma ita ma ta ga bunsurunta a kan katanga. Yaji kuwa ki ajiye shi, in kika tafi Aliero wata za a ba turmin ta daka, ke kuma ba kya nan. Zuwa wurin Alhaji a bayan idonsa ma ban goyi baya ba, sai in duk ƙofofin nan sun rufe kuma ranar allura ta matso. In ta kai haka, ki faɗa masa za ki je, ki ɗauki Goggo Delu ku tafi, don rai da lafiya sun fi kunya. Abin da ya fi kyau shi ne shi da kansa, a matsayinsa na kyaftin, ya ɗauki hoton da takardar likita ya kai wa Alhaji, Sirajo na zaune, a yi maganar ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Attajirin da ya san ba a ɗora wa mota mai tsagaggen gindi kaya zai gane.

Ba zan yi miki ƙarya in ce damar za ta jira shi ba. Tana iya wucewa, kuma in ta wuce zai ji ciwo, ke ma za ki ji. Sai dai masu zaɓen nan ƙafar da za ta yi musu shekaru suke nema, kuma ɗan wasan da aka shekara uku ana jin sunansa ba a manta shi don ya zauna wasa ɗaya da takardar likita a hannu. Ki kuma tuna masa cewa can saman da yake hange ana gwada fitsarin 'yan wasa. Ko a gasar duniya ta bara an sallami wani shahararre bayan wasansu da 'yan ƙasarmu a kan abin da aka gano ya sha. Ƙwayar direbobi ba za ta raka shi inda yake son zuwa ba. Maganin ƙarin jini kuwa sai in likita ya auna ya ce jinin ya yi ƙasa. Wake da hanta da kifi da nono da wadataccen ruwa sun ishi mai gudu, kuma duk suna kasuwarku.

In ƙura ta lafa, ki lallaɓa shi ku je Aliero da ɗan goro. Ba sai ya ce komai ba, ya dai miƙa ƙafar, mahaifinki zai gane.

Kunun kuwa kada ki bari a kashe shi, al'ada ce mai kyau, ƙwaya ce baƙuwa a cikinta. Ki wanke turminki ya koma dakan yaji. Ki ci gaba da dama musu, ki aika a faɗa wa kowa abin da ke ciki: gero da tsamiya da sukari. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyarsa in ya ji maganarki, ya ƙara miki wannan ƙarfin halin. Allah kuma ya nuna miki ranar da zai sha na ƙarshe ya kife bokiti babu abin da ya kwanta a ƙasa sai gero, ya dawo gida da ƙafarsa, Mubina ta rugo ta rungume ta bai runtse ido ba.

Goggo Barakatu